Likitan Iyali a Bakin Filin Wasa

[Kiɗan buɗe shiri]

Shirinmu na musamman yau yana zuwa muku daga Wuse a birnin Abuja. Zancenmu na yau ya haɗa asibiti da filin ƙwallo. Wane likita ne ya kamata ya zauna a bakin fili idan ana wasa? Wane karatu ya kamata ya yi kafin a ba shi wannan kujera? Kuma mene ne ruwan mai hawan jini da ke bin layin ganin likita a asibitin Wuse da wannan karatu? Sai a gyara zama.

[Kiɗa ya lafa]

Ranar 8 ga Maris, 2020, a garin Lafiya na jihar Nasarawa, nan maƙwabtanmu, ana wasan gasar ƙwararru tsakanin Nasarawa United da Katsina United. Ana cikin wasa sai ɗan bayan Nasarawa United, Chineme Martins, ya yanke jiki ya faɗi. Jama'a suka yi kansa, kowa da abin da yake ganin za a yi. Rahotannin ranar sun ce da aka zo ɗaukarsa, motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Matashin bai sake tashi ba.

Wata 15 bayan haka, ranar 12 ga Yuni, 2021, a birnin Kopenhagen, Denmak na karawa da Finland a gasar cin kofin Turai. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci Christian Eriksen ya kife a ƙasa, zuciyarsa ta tsaya. Nan take likitoci suka iso kansa, aka shiga danna masa ƙirji, aka jona masa na'urar da ke farfaɗo da zuciya da lantarki, zuciyar ta dawo aiki tun yana kwance a kan ciyawa. A watan Fabrairun 2022 ya koma buga ƙwallo, wannan karo a ƙungiyar Brentford ta Ingila, a ƙarshen shekarar kuma ya buga gasar cin kofin duniya a Ƙatar.

Rai na Allah ne, kuma ba duk wanda ya faɗi ne likita ke iya cetowa ba, ko da a wace ƙasa ce. Wannan ba abin musu ba ne. To amma wanda ya kalli waɗannan ranaku biyu ya san akwai abin da yake hannun ɗan Adam. Idan zuciya ta tsaya, duk minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba, damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Abin da muka saba yi a irin wannan hali, wato yayyafa ruwa, da fifita, da cusa cokali a baki, da kewaye mutum har a tare masa iska, babu ɗaya da ke tayar da zuciya. Abin da ke tayar da ita shi ne danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, da kuma waccan na'ura. Kuma sai an sami wanda ya san haka, wanda hannunsa ya saba, wanda idan ya ce a matsa za a matsa.

Mu 'yan Najeriya mun daɗe da sanin wannan ciwo. Manya daga cikin masu sauraro ba za su manta da ranar 12 ga Agusta, 1989 ba, lokacin da Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas, ana wasan neman gurbin kofin duniya da Angola, yana da shekara 25. Binciken da aka yi bayan rasuwarsa ya nuna zuciyarsa ta kumbura, kuma yana da hawan jini. Mun kuma ga ɗaya ɓangaren a kan Nwankwo Kanu. A 1996, yana dawowa daga Atlanta da lambar zinare ta gasar Olamfik, likitocin Inter Milan suka duba shi suka gano matsala a ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarsa. Aka yi masa aiki a Amurka a watan Nuwamba na shekarar, ya warke, ya ci gaba da wasa fiye da shekara goma, har ya kafa gidauniyar taimaka wa yara masu ciwon zuciya. Gwaji kafin wasa ne ya tsamo shi.

[Ɗan gajeren kiɗa]

To, wa ke yin wannan gwaji, wa ke tsayawa a bakin fili? A ƙasashe da dama amsar ita ce likitan iyali da ya ƙaro karatu a fannin wasanni da motsa jiki.

Bari mu fayyace, domin mutane da yawa suna ɗaukar likitan iyali a matsayin wanda bai ƙware a komai ba. Ba haka ba ne. A Najeriya, bayan shekara shida a jami'a, da shekarar sanin makamar aiki, da bautar ƙasa, mai son zama ƙwararren likitan iyali sai ya sake shiga horo na shekara huɗu ko fiye a asibitin da aka amince da shi, ya ci jarrabawar Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko ta Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma. Ana wannan horo a Babban Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja, da asibitin koyarwa na Gwagwalada, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello. Shi ne likitan da ke ganin jariri da kakarsa a rana ɗaya, ya duba mai zazzaɓi, ya duba mai ciki, ya duba mai ciwon suga, ya san wanda zai riƙe da wanda zai tura gaba.

A Amurka, likitan iyali da ya kammala horonsa na shekara uku yana iya ƙara shekara ɗaya cur a fannin wasanni. A wannan shekara ana haɗa shi da ƙungiyar wata makaranta ko jami'a ya zama likitanta, ya zauna asibiti tare da likitocin ƙashi da masu gashin ƙashi, ya koyi karanta hoton gaɓoɓi da gwajin bugun zuciya, sannan ya zauna jarrabawa. Tun 1993 ake ba da wannan shaida a can. Kanada ma haka take yi: shekara ɗaya ta ƙarin ƙwarewa a kan horon likitan iyali. Ingila ta bi wata hanya, ta mai da fannin ya zama ƙwarewa mai zaman kanta a 2005, shekarar da aka ba Landan damar karɓar gasar Olamfik ta 2012, kuma likitocin iyali suna cikin masu shiga wannan horo. A nahiyarmu, jami'o'in Afirka ta Kudu irin su Pretoria da Cape Town sun daɗe suna koyar da likitoci wannan fanni a matakin digiri na biyu.

Me ya sa likitan iyali, ba likitan ƙashi kaɗai ba? Saboda mafi yawan abin da ke damun ɗan wasa ba na wuƙa ba ne. Targaɗe ne, da ciwon gwiwa, da tsinkewar tsoka, da asma, da ƙarancin jini, da zazzaɓin cizon sauro ana jibi wasa, da rashin barci, da damuwar yaron da aka ajiye a benci wata uku. Likitan tiyata yana da ranarsa, kuma idan ranar ta zo babu mai maye gurbinsa. Amma sauran ranakun na wanda ya saba duba mutum ne gaba ɗayansa.

[Kiɗa]

A nan ne nake so mu ɗan daɗe, masu sauraro, domin akwai abubuwan da likitan da aka horar a Toronto ko Landan ba zai zo mana da su a jaka ba. Sai a nan za a koye su.

Ɗauki zafi. Duk wanda ya san Abuja a watan Maris da Afrilu ya san yadda rana ke dukan ƙasa tun hantsi, balle a je Sakkwato ko Maiduguri. Yaron da ke atisaye da azahar a irin wannan lokaci, idan ya fara tangaɗi yana surutai marasa kan gado, ba aljanu ba ne, kuma ba ragwanci ba ne. Jikinsa ne ya ɗauki zafin da ya fi ƙarfinsa, kuma maganin farko shi ne a sanyaya shi da ruwa mai sanyi nan take, tun kafin a nemi mota. Idan hunturu ya shigo kuma, ƙura ta tayar wa masu asma da ciwonsu, likita ne zai tsara yadda yaro zai yi amfani da abin shaƙarsa kafin ya shiga fili, maimakon a ce masa ya haƙura da wasa.

Ɗauki azumi. Ɗan wasa Musulmi yana azumin Ramadan, gasa kuma ba ta tsayawa. Yaushe zai yi atisaye, kafin buɗa-baki ko bayan tarawihi? Me zai ci da sahur, ruwa nawa zai sha tsakanin magariba da asuba? Dattijo mai ciwon suga da likita ya ce ya riƙa tattaki, yaya zai yi a watan azumi ba tare da sugansa ya faɗi ba? Asibitin Aspetar na birnin Doha, wanda aka buɗe a 2007, ya yi suna wajen bincike a kan azumi da wasanni. Mu da muke da miliyoyin matasa masu azumi suna buga ƙwallo, ai mu ya fi kamata mu riƙa rubuta irin wannan ilimi.

Sai batun sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da rukunin jini na AS. Masu wannan jini lafiyarsu ƙalau, da yawansu zakaru ne a wasanni, kuma babu dalilin hana su. Sai dai an tabbatar cewa idan aka haɗa musu gudu mai tsanani ba hutu, da zafin rana, da ƙishirwa, wasunsu kan faɗi faɗuwa mai haɗari. Wannan ne ya sa tun 2010 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman manyan 'yan wasanta su san rukunin jininsu. A can 'yan tsiraru ne ke da shi. A nan kuwa, a kowace ƙungiya ta mutum 11 da wuya a rasa biyu ko uku. Kocin da ke cewa yaro ya ƙara zagaye goma don horo, ya kamata a ce akwai likitan da ya taɓa zaunar da shi ya yi masa wannan bayani.

Ga kuma wasanninmu na gado. Dambe yanzu ya fita daga dandalin mahauta ya shiga talabijin da intanet, ana sa kuɗi masu yawa. Ɗan damben da aka kai ƙasa, idonsa ya juya, ya tashi bai san inda yake ba, ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza. Idan ya koma fage washegari aka sake samunsa a wuri ɗaya, abin na iya zama na har abada. Ƙwallon ƙafa ta duniya ta gane haka, shi ya sa daga watan Yulin 2024 dokokin wasa suka ba gasa damar ƙara canjin ɗan wasa na musamman idan an bugu a ka. Wa zai kai wannan magana gidan dambe, da fagen kokawa, da filin folo na Kaduna da Katsina, da hawan sallah inda mahaya ke faɗowa daga doki? Sai likitan da ke jin harshen mutanen, wanda suke ganin mutuncinsa.

Haka batun masu ɗori. Gaskiya ita ce yaro ya karye a fili, gidan mai ɗori ake fara nufa, domin yana kusa, yana da sauƙin kuɗi, kuma iyaye sun yarda da shi. Zagin masu ɗori a rediyo ba zai canza wannan ba. Abin da zai yi amfani shi ne likitan da zai iya zama da sarkin ɗori su fahimci juna: wace karaya ce ba a taɓawa sai an ɗauki hoto, wane ɗauri ne idan ya yi tsanani yake kashe hannu har a kai ga yankewa.

Kada mu manta da ƙwaya. Tiramadol da wasu matasa ke sha don su daina jin gajiya, tun ranar 1 ga Janairu, 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Mun kuma ga yadda aka hana 'yan wasan Najeriya 10 shiga gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta ce ba. Shekarun wahalarsu suka tafi a kan aikin da ba nasu ba.

[Kiɗa]

Yanzu mu baro fili mu shigo cikin Wuse, domin rabin sunan wannan fanni motsa jiki ne, kuma a ganina wannan rabin ya fi yawan jama'a.

Dubi ma'aikacin da ke tasowa daga Kubwa ko Mararaba tun asuba. Ya zauna a mota cikin cunkoso, ya sauka a Berger, ya shiga ofis a Zone 3 ko Zone 5 ya zauna har la'asar, ya ci shinkafa da lemon kwalba a kan teburinsa, ya sake zama a mota har bayan isha'i. Dubi Alhaji mai shago a kasuwar Wuse, da mai sayar da waya a Banex: yaran shago ne ke kai da kawo, shi yana kan kujera daga buɗewa har rufewa. Kakanninsu sun yi noma, sun yi fatauci a ƙafa. Su kuwa a shekara 45 an ɗora su a kan maganin hawan jini. Bincike daban-daban sun nuna kusan babba ɗaya cikin uku a ƙasar nan yana da hawan jini, kuma da yawa ba su ma sani ba.

Tun 1953 wani likita a Landan mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba na zaune, kwandasta na hawa da sauka a matakala duk yini. Ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin. A 2002 kuma wani babban bincike a Amurka ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga, idan suka gyara cin abinci suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, alhali waɗanda aka ba ƙwayar metformin nasu ya ragu da kashi 31. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro kuma awa ɗaya kullum. Amma alƙalumanta na 2022 sun nuna kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya ba sa kaiwa.

Kowa ya taɓa jin likita ya ce masa, "Ka riƙa motsa jiki." Maganar ba ta wuce ƙofar ofishin likita, domin ba a faɗi wane iri ba, minti nawa, a ina, kuma me za a yi idan gwiwa ta ƙi. Wanda ya yi wannan karatu rubuta motsa jiki yake yi kamar yadda ake rubuta magani: Hajiya, ki fara da tafiyar minti goma bayan sallar asuba, sau biyar a mako, bayan mako biyu ki ƙara biyar, idan kin ji nauyi a ƙirji ki tsaya ki dawo mu gani. Ya san abin da zai ce wa mai juna biyu, da wadda ta haihu, da wanda ya tashi daga shanyewar ɓarin jiki. Ya kuma san cewa ba kowa ke da kuɗin wuraren motsa jiki na Aminu Kano Crescent ba, kuma ba kowace mace za ta fita bakin tafkin Jabi da safiyar Asabar ba. Matar da ke cikin gida tana buƙatar tsarin da za ta yi a tsakar gidanta, cikin suturarta, ba tare da ta ji kunyar kowa ba. Saboda haka ina ganin dole a sa likitoci mata a sahun gaba na wannan horo.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Na san wani zai ce: ƙasar da mata ke mutuwa wajen haihuwa, yara na mutuwa da zazzaɓi, likitoci na ta ficewa waje, ita ce za ta ɓata shekara guda tana koya wa likita wasanni? Tambaya ce mai nauyi, kuma ta cancanci amsa. Likitan iyali da ya yi wannan shekara ba barin asibitinsa zai yi ya bi Super Eagles ba. Ranar Litinin yana nan yana ganin marasa lafiyarsa, sai dai yanzu ya fi iya riƙe mai suga da mai ciwon baya, waɗanda su ne ke cika layin. Ranar Asabar kuma yana filin makarantar unguwa. Duk mutumin da aka hana shanyewar jiki, an rage wa asibiti gado ɗaya, an rage wa iyali jinyar shekaru. Batun ficewa kuwa, cikin abubuwan da ke korar matashin likita har da rashin ganin inda zai ƙaru a gida.

Kuma Abuja tana da kayan aikin a wuri ɗaya. Ga filin wasa na Moshood Abiola da aka gina don gasar Afirka ta 2003, mai ɗaukar mutum sama da 60,000. Ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa da aka dawo da ita a watan Oktoban 2024 ƙarƙashin Shehu Dikko. Ga hukumar ƙwallon ƙafa, wadda ta yi shekaru da ofishinta a Glass House, nan Zone 7. Ga Babban Asibitin Ƙasa, ga asibitocin gunduma na Wuse da Maitama da Asokoro, ga makarantun sakandare da ƙananan ƙungiyoyin ƙwallo ba iyaka. Abin da ya rage shi ne kwalejojin horar da likitoci, da ƙungiyar likitocin iyali, da hukumar wasanni su zauna su fitar da tsari ɗaya: shekara guda, manhaja a rubuce, albashi ga mai koyo, jarrabawa a ƙarshe, da shaidar da Majalisar Likitoci ta amince da ita. Ko mutum huɗu aka fara da su a shekara, an fara. Kafin nan, likitan da ke sauraronmu yana iya somawa da kwas ɗin likitancin ƙwallon ƙafa da FIFA ke bayarwa kyauta ta intanet, ko da yake karatu a waya ba ya maye gurbin koyo a gaban malami.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shugabannin makarantu, da masu ƙungiyoyin unguwa, da masu shirya gasar kofin Sarki ko ta ɗan majalisa, da masu gidajen dambe: kafin a busa usur, ku tambaya wa zai danna ƙirji idan wani ya faɗi, ina na'urar take, kuma an tayar da motar an ga tana aiki? Iyaye, kafin ku sa hannu yaro ya shiga makarantar ƙwallo, ku kai shi a auna jininsa, a saurari zuciyarsa, ku gaya wa likita idan ya taɓa suma yana gudu ko wani a dangi ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi. Kai kuma mai sauraro da ke shan maganin hawan jini ko na suga, ranar da za ka koma asibiti, ka roƙi likitanka ya rubuta maka irin motsa jikin da ya dace da kai, da adadin mintocinsa, a jikin takardar maganinka.

A nan za mu dakata. Allah ya ƙara mana lafiya, a kasance lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]